Shekarar da Tsutsa Ta Daina Jin Farin Magani

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Ɗayanku zai sayo kwalbar magani a kasuwa, ya cafki tunkiya, ya ɗaga mata kai sama, ya kwarara mata, shi ke nan wai ya zama mai ɗura. Tunkiya ta yi ta tari, ta kwana biyu tana numfashi da ƙyar, ta mutu, ya ce kwananta ne ya ƙare. A huhu ka zuba mata, malam, ba a ciki ba. Sunana Sabo, amma daga Bompai har Challawa in ba ka ce Sabo Mai Ɗura ba, ba wanda zai gane wa kake nufi. Aikina bai wa tumaki maganin tsutsar ciki, kuma na fara shi tun babu furfura ko ɗaya a gemuna. Tunda kun ce abu ne mai sauƙi, kuma kun dame ni da tambayar me ya sa ba na sayar da matan tumakin da ke bayan gidan nan, to ku gyara zama. Amsar guda ce.

Tunkiyar farko da na taɓa, a ƙofar gidan Malam Tanimu ne a Dorayi, ana cikin shekarun fari. Malam Tanimu tsohon malamin dabbobi ne da ya bar aikin hukuma, mutum mai tsauri, ba ya maimaita magana. Na zaci a ranar zai miƙo mini kwalba. Ina! Sai ya ce in ja fatar idonta ta ƙasa in faɗa masa abin da na gani. Na ce na ga ido. Ya ce in tafi gida in dawo gobe. Haka muka yi ta yi har na gane cikin fatar yake nufi: in ja ne sosai, tunkiya na da jininta, in ya koɗe ya yi fari, akwai abin da ke shan jinin daga ciki. Daga nan ya koya mini shafa ƙarƙashin haɓa, domin tunkiyar da tsutsa ta ci ƙarfinta takan tara ruwa a wurin, ya kumbura yana lilo. Sannan shafa gadon baya, ka ji nama ne ko ƙashi.

Wata rana na gaji na ce, "Malam, yaushe za ku ba ni kwalbar?"

"Kwalba ba ta gudu," in ji shi. "Rungumi waccan ka ɗaga ta."

Na ɗaga.

"Mene ne nauyinta?"

Na ce ban sani ba.

"To wane magani za ka auna mata? Hannunka ne sikelinka. In ka ba ta ƙasa da nauyinta, wanka ka yi wa tsutsar, ba kashe ta ka yi ba."

Da ya yarda da hannuna sai ya nuna mini ɗurar kanta. Ka sa gindin tunkiya jikin bango don kada ta ja da baya, ka matse ta da gwiwa, hannun hagu a ƙarƙashin haɓa, kai a miƙe daidai, ba a ɗage ba. Bakin kwalba ta gefe yake shiga, inda babu haƙori, ya hau bisa harshe. Ka zuba kaɗan-kaɗan kana jin haɗiyarta a tafin hannunka. In ta yi kuka ko ta yi tari, ka tsaya. Kayan aikin ba su da yawa: kwalbar lemo mai dogon wuya da aka sa wa guntun tiyo a baki, ƙaramin kofin awo, igiya, reza, da keke mai akwati a baya. Daga baya na mallaki bindigar ɗura, amma har yau ga tunkiya mai rauni kwalba na fi yarda da ita. Maganin kuwa fari ne, mai kauri kamar kindirmo, sai an girgiza shi sosai don yana kwanciya. A lokacin nan in ka ɗura wa tunkiya shi, kafin mako ya zagayo ka ga idonta ya fara dawowa. Mutane har cewa suke yi hannuna na da albarka, ni kuwa ban musa musu ba.

Masu kirana yawancinsu ma'aikatan kamfani ne, na saƙa da na roba da na alawa a Bompai da Sharada, da na fata a Challawa. Mutanen ƙauye ne, daga wajen Haɗeja da Gumel da Kazaure, wasu daga Nijar. Ɗan ƙauye kuwa ko a ɗaki ɗaya yake haya sai ya nemi inda zai kafa turke. Wani ragon layya yake kiwo, wani tunkiya ce yake tara wa aure. Amma ku sani, masu tumakin ba na ganinsu sai jefi-jefi. Jiniya na kaɗawa sun shige, ƙofa ta rufe. Sai a bar mini saƙo wurin mai gadi ko mai abinci: ta wane ce mai baƙin kunne, ta wane ce mai igiyar leda. In tura kekena bayan katanga, daga ni sai tumaki sai rugugin inji. Yini guda nakan yi ban yi magana da ɗan Adam ba, in ban da sallama. Na saba, amma ba zan ce muku da daɗi ba.

A bayan wani kamfani a Challawa akwai wani kwari da ma'aikata suka sa wa suna Fadamar Inji. Ruwan da ake sanyaya inji da shi ne yake fitowa ta ƙarƙashin katanga, mai ɗumi, marar wari, ba irin na kamfanin fata da ko kare ba ya kusanta ba. Ruwan nan ba ya yankewa. Rani ya kai rani, ko'ina ya bushe ƙurmus, amma Fadamar Inji shar take da ciyawa. Kowa ya ɗauka kyauta ce daga Allah. Da safe kafin jiniya sai ka ga ma'aikata na janye da tumaki suna kafa turaku a wurin, har da masu zuwa daga Na'ibawa. Abin da ba mu lura ba shi ne, a ƙauye rani ke share makiyaya, rana ta ƙone ƙwan tsutsa da ke cikin kashin tumaki. A nan kuwa babu rani. Tunkiya ta yi kashi, ƙwai ya ƙyanƙyashe a danshi, tsutsa ta hau ciyawa, wata tunkiyar ta cinye, shekara ta zagayo ana haka.

A can na san Lawali. Mutumin wani ƙauye ne a arewacin Damagaram, dogo, marar yawan magana, yana aikin ɗaukar ɗanyar fata a wani kamfanin fata. Yini yake yana saɓa fatun tumakin wasu a kafaɗa, ya fito hannunsa duk ya tsattsage, ya wuce kai tsaye wurin nasa. Tumakinsa Uda ne, dogaye, gaba baƙi baya fari, kuma kowacce da tsaga biyu a kunnen hagu. Ranar da na fara yi masa aiki, ranar hutunsa ce, ya tsaya a kaina yana kallon hannuna har na gama. Sannan ya ce in zauna, ya miƙo mini goro.

"Malam Sabo, waɗannan ba na sayarwa ba ne," ya ce. "Na ubana ne."

Ashe garken mahaifinsa ne fari ya cinye. Tsohon yana kallo suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, shi ma bai daɗe ba ya bi su. Kafin ya cika ya ce wa Lawali kada irin gidan ya ɓace. 'Yan ƙalilan da suka rage Lawali ya koro zuwa kudu, da ƙafa, har Kano. Matarsa da 'ya'yansa ya bar su wurin surukai, ya ce musu ba zai dawo ba sai da garke. Yana aika musu abin da ya samu ta hannun direbobi, amma shi ƙafarsa ba ta sake taka garin ba. Ɗaki ɗaya yake haya a wajen Kumbotso, shi kaɗai. In ya yi magana mai tsawo, to a kan tumaki ne: wacce ce 'yar wacce, wacce ta gado tsayin kakarta. Lokacin da na san shi garken ya fara kama jiki, yana cewa saura damina biyu ko uku ya kama hanya.

To ga al'adar da ta kafu a wurin. Ɗan kamfani ba da damina yake lissafi ba, da ƙarshen wata yake yi. Ranar da aka yi albashi a biya mai abinci, a biya mai ɗaki, a ɗura wa tumaki. Kowane wata, rani da damina, mai ciwo da lafiyayya, duk a jera su a ba su farin magani. Har ya zama abin kunya a ce wata ya mutu ba ka ɗura wa naka ba. Wasu ni suke kira. Wasu kuma suka ga ai ba wani abu ba ne, irinku ke nan, sai su haɗa kuɗi su sayi kwalba guda, su ƙara mata ruwa don ta ishi kowa, a ɗan taɓa wa kowace tunkiya a baki. Rago kamar maraƙi da ɗan tunkiyar da aka yaye jiya, awo ɗaya. Na yi faɗa har na gaji, suka ce kasuwata nake karewa. Lawali kuwa bai taɓa yarda da sirki ba, kuma bai taɓa tsallake wata ba. Cikakken awo yake so, daga hannuna. Amma ciyawar da nasa ke ci, ita na kowa ke ci.

Shekarar da abin ya ɓaci, a farkon shekarun tamanin ne, da damina. Na ɗura wa ragon wani mai suna Garba, ɗan kamfanin saƙa, na dawo bayan mako na ja fatar idon, fari fat. Na ce ko ya tofar ne ban gani ba. Na sake ba shi. Haɓa ta kumbura, ya daina bin sauran, ya kwanta. Kafin wata ya ƙare irinsa sun yi yawa a Fadamar Inji. Na zargi kwalbar, na zubar da ita na sayo sabuwa a wani shago dabam. Duk ɗaya. Malam Tanimu ya riga ya rasu, da shi zan je in durƙusa in tambaya. Ba ni da kowa da zan tambaya, kuma ba a taɓa gaya mini cewa magani na iya daina aiki alhali shi bai lalace ba.

Na Lawali suka fi shan wuya. Uda tunkiyar busasshiyar ƙasa ce, ba ta saba da tsutsar danshi ba, ba kamar 'yan ƙasa gajeru da kan jure ba. 'Ya'yan suka fara tafiya, sannan masu shayarwa. Wata ranar Lahadi da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar da babbar tunkiyarsa, ɗaya daga cikin waɗanda ya koro daga gida, kwance ta miƙe wuya. 'Yan kwanaki kafin nan ni da hannuna na ɗura mata, cikakken awo. Ya ce a yanka kafin ta zama mushe. Jinin da ya fito tsinkakke ne kamar an sirka da ruwa. Na roƙe shi ya bar ni in buɗe cikin. Na nemi ƙaramin tumbin nan da ke dab da hanji na tsaga shi da reza. Ga su nan cike, sirara kamar zare, ja da fari a murɗe, suna motsi. Raye suke sarai, sun sha farin maganina sun ƙoshi da jininta.

Lawali ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Bai ɗaga murya ba.

"Malam Sabo, mene ne wannan?"

"Wallahi ban sani ba," na ce.

Ya ɗauki wuƙa ya yanke kunnen hagu mai tsagar ya sa a aljihu. Fatar kuma ya ce a bai wa wani, ba ya so ta shiga kamfaninsu ya saɓa ta a kafaɗa bai sani ba.

Daga nan gari ya juya mini baya. Aka ce Sabo maganin jabu yake sayarwa. Aka ce nono nake zubawa a kwalba. Mutanen da suka fi kowa sirka magani da ruwa su ne suka fi kowa ɗaga murya. In na jingine kekena wurin mai abinci, sai benci ya yi fili. Masu gadi suka daina ajiye mini saƙo. Nakan zagaya Sharada da Bompai in dawo akwatina a rufe yadda na fita da shi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin sana'ar nan ba ta da shago ba ta da allo, sunanka kawai kake yawo da shi. Mutum ɗaya ne bai daina gaishe ni ba, kuma shi ya fi kowa asara.

Na ɗebi tsutsar a kwalba na kai asibitin dabbobi. Wani matashin likita ya saurare ni da kyau, ya ce in kawo masa kashin tumakin kafin ɗura, in ɗura musu a gabansa, sannan in sake kawowa bayan mako da 'yan kwanaki. Ya zo har Fadamar Inji a kan babur, ya duba awona ya ce daidai ne. Da lokaci ya yi ya sa ni na leƙa madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa. Ƙwan tsutsa kafin magani, ƙwan tsutsa bayan magani, kusan babu bambanci.

"Wato maganin ya lalace, Likita?"

"Magani na nan yadda yake, Malam. Tsutsar ce ta canja."

Ya yi mini bayani a hankali. A cikin tsutsotsi, kamar a cikin mutane, akwai masu taurin rai. Duk sanda aka ɗura, masu rauni su mutu, masu taurin su tsira su hayayyafa. In awon bai cika ba, masu tsira su ƙaru. In kowane wata ake yi, da magani iri ɗaya, shekara da shekaru, a fili ɗaya da ba ya bushewa, to wata rana za a wayi gari babu kowa a filin sai 'ya'yan masu taurin. Ya ce ya karanta cewa hakan na faruwa a wasu ƙasashe, amma bai taɓa gani da idonsa ba sai a nan. Ya ce a bar fadamar, a daina ɗurar wata-wata, a riƙa duba ido ana bai wa mai bukata kaɗai. Ya kuma ce akwai wani magani mai launin ruwan ɗorawa, wanda ba dangin farin ba ne, sai dai yana wuyar samu a lokacin, kuma ba ya yafe kuskuren awo.

Na koma na faɗa wa ma'aikata. Garba ya yi dariya ya ce, "Tsutsa ta gane magani? Sai ka ce 'yar makaranta!" Wasu suka sayar wa mahauta da abin da ya rage, wasu suka ninka farin magani suna ta ɗurawa. Kafin likita ya samo mana ruwan ɗorawar, garken Lawali ya koma tunkiya ɗaya. Budurwar tunkiya ce da yake kira Auta, ita ma idonta ya koɗe, haɓa ta fara nauyi.

Ɗurar Auta ita ce aiki mafi wuya da na taɓa yi. Ruwan ɗorawa in ya gaza ba ya kashe tsutsa, in ya zarce ya kashe tunkiya, ita kuwa ba ta da ƙarfin da za ta ɗauki kuskure. Na rungume ta na ɗaga, na sauke, na sake ɗagawa. Gashin Uda da tsayinta kan ruɗi hannu, ka zaci nauyi alhali ƙashi ne. Na auna, na ajiye bindiga na ɗauki tsohuwar kwalbar lemo. Lawali ya riƙe mata ƙafafu yana karanta abin da ya sawwaƙa. Na zuba kaɗan-kaɗan ina jin haɗiyarta. Jim kaɗan ta fara karkarwa, yawu na dalala. Lawali ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Muna nan tsugune har rana ta karkata, sannan karkarwar ta lafa, ta miƙa baki ta ja ganyen harawa.

Bai sake kai ta fadama ba. Ya kafa mata turke a busasshen wuri a tsakar gidan hayarsu, harawa da dusa da ɗan kanwa, yana share kashinta safe da yamma. A hankali ja ya dawo idonta. Da rani ya shigo ta yi kyau, har ya nemo mata ragon Uda wurin wani ɗan garinsu mai kiwo a turke, ta ɗauki ciki.

Sai kamfanoni suka fara rage ma'aikata, an ce kayan aiki sun daina shigowa. Lawali na cikin waɗanda aka sallama. Babu aiki babu kuɗin ɗaki, dole tafiya gida. Ya ce mini ba komai, tunkiya ɗaya mai ciki ai garke ce, da haka ubansa ma ya fara. Amma kafin ya tafi ya ce in raka shi wurin likita, yana da tambaya.

"Likita, cikinta ya wanke?"

Likita ya duba kashinta ya ce ƙwan ya ragu ƙwarai, amma ba zai rantse cewa babu saura ba. Ya ce akwai waɗanda kan lafe a jikin tumbi da rani, sai ruwa ya sauka su farka, musamman ga mai haihuwa.

"Waɗanda suka rage ɗin, irin waɗanda ba sa jin farin magani ne?"

"Su ne."

"A garinmu da damina tabki ɗaya duk tumakin gari ke sha. Kuma farin maganin nan shi kaɗai 'yan kasuwa ke kai mana."

Likita bai ce masa kada ya kai ta ba. Cewa ya yi ƙasarsu busasshiya ce, mai yiwuwa rana ta ƙone su, mai yiwuwa kuma damina ɗaya mai kyau ta ishe su su kafu. Ya ƙara da cewa 'ya'yan da aka haifa a busasshen turke, aka yaye su da wuri, ba su taɓa cin ɗanyar ciyawar nan ba, su ne za a iya tafiya da su da kwanciyar hankali.

Muka kamo hanya ni da Lawali. Ni ne na yi ta surutu, na ce ya tafi da abarsa, Allah ne mai tsarewa. Na ce in ma ya bar ta, ai zai iya sayen wasu a can ya tsaga musu kunne. Sai ya tsaya ya dube ni.

"Kunne kowa na iya tsagawa, Malam Sabo. Jinin nake magana."

Ranar tafiyarsa da safe na ji sallama a ƙofar gidana a Dorayi. Lawali ne, da ƙullin kayansa a ka, da igiyar Auta a hannu. Tun daga Kumbotso ya tako da ita.

"Mutanen garinmu yanzu suka fara tashi," ya ce. "Kowa da 'yar tunkiyarsa ɗaya biyu. Ba ni zan kai musu abin da na gani a cikin waccan ba."

Na ce, "To me za ka ce wa iyalinka? Shekara nawa suna jiran garke."

"Zan ce musu yana Kano, wurin amana."

Ya miƙo mini igiyar. Ya ce in ta haihu in yi yadda likita ya faɗa, shi kuma bayan damina, in ya ɗan farfaɗo, zai zo ya ɗauki 'ya'yan. Ya karɓi rezata ya kama kunnen Auta ya nuna mini yadda tsagar take: biyu, a kunnen hagu, ta ƙasa ta fi ta sama gajarta. Ya ce a yi ta tun jaririya na 'yar kwanaki, a shafa toka. Sannan ya shafa gadon bayanta sau ɗaya, ya ɗauki ƙullinsa. Na ce in raka shi tasha, ya ce a'a, in ta ga mun fita tare za ta yi ta kuka. Ta yi kukan duk da haka, har la'asar.

Auta ta haifi mace. Na tsaga mata kunne, na yaye ta da wuri, ƙafarta ba ta taɓa danshi ba. Damina ta wuce, bai zo ba. Wata daminar ta sake wucewa. Na je tasha na tambayi direbobin Damagaram, wani ya ce ya san ƙauyen amma bai san mutumin ba, wani ya karɓi saƙona ya ce zai isar, ban sake ganinsa ba. A tsakanin nan wata shekarar fari ta sake faɗa wa ƙasarsu, aka ce ƙauyuka da yawa sun watse. Ban san ko yana raye ba. Ba wanda ya zo ya ce mini ya mutu.

Sana'a ta dawo a hankali. Waɗanda suka kira ni mai jabu su suka dawo suna neman ruwan ɗorawa, kuma da na ce ba zan ɗura wa lafiyayya ba, suka ce na cika iyayi. Kamfanin nan ya rufe, ruwan ya yanke, Fadamar Inji ta bushe, yanzu gidaje ne a wurin. Na ji an ce yau har ruwan ɗorawar akwai inda tsutsa ta daina jin sa, ban yi mamaki ba, tunda ina ganin yadda kuke yi. Ku ja fatar ido kafin ku buɗe kwalba. Ku ɗaga tunkiya ku ji nauyinta. Wadda ba ta bukata ku ƙyale ta.

Waɗancan Udan da kuke gani a baya duk jikokin Auta ne. Ragunan nakan sayar in saya wa sauran harawa, wannan na san Lawali zai yarda. Matan kuwa ba nawa ba ne da zan sa musu kuɗi, don haka ku daina tayawa. Shekaranjiya mai farar goshin can ta haihu, mace ce. Ɗayanku ya shiga ya ɗauko mini jaririyar, wani ya miƙo reza da ɗan toka. Ka riƙe kanta daidai, kada ka ɗaga. Kunnen hagu za ka juyo mini. In Lawali ya zo, ba na so ya tsaya yana tambayar waɗanne ne nasa.